Zagaye Dubu a Valdivia

Ruwa bai ɗauke ba tun Talata.
Daga tagar hawa na uku ina hango kogin Calle-Calle,
ya cika ya batse, yana lasar ƙafar gada.
Aikina in gaya wa masunta
inda ruwan zai kai jibi da asuba,
amma manhajar da na gada
sai ta cinye awa tara kafin ta buɗe baki.
Hasashen da ya iso bayan ambaliya
ai jaje sunansa.

Na ɗora wa wata gaɓa laifi,
layi arba'in da bakwai,
mai lissafa gishirin teku in ya kutso cikin kogi.
Mako uku ina feƙe ta kamar fensir.
Na rage nan, na tsuke can,
na ce a raina: yanzu kam ta zama barewa.

Baltasar ya tsaya a bayana da kofin shayi,
rigar ruwansa na ɗiga a kan siminti.
Ya ce, "Kin auna?"
Na ce, "Ina ji a jikina."
Ya ce, "Jikinki ba agogo ba ne."

To, na ɗaura mata ma'auni.

Gudun farko, milisakan ɗari takwas.
Gabana ya faɗi.
Ya ce a zubar da wannan, inji bai gama miƙa ba,
ba a yi wa mutum hukunci da hammar safiya.
Na sake ta. Sau goma, sau ɗari,
sau dubu tana zagaya fili ɗaya
ba ta tambayi dalili ba.
Goma sha biyu. Goma sha biyu. Sha ɗaya da ɗigo tara.
Sai ga sittin, kwatsam, kamar tuntuɓe.
Ashe Millaray ce a ɗaki na gaba
ta ɗora wa injin hotunan tauraron ɗan'adam.
Muka jira ta gama. Muka koma farko.

Ba mafi sauri muka riƙe ba,
ba kuma mai tuntuɓen ba,
na tsakiya muka rubuta a allo:
da talatin da shida, yanzu sha biyu.
Ninki uku! Har na fara murmushi.

Sai ya ce, "Yanzu auna gidan gaba ɗaya."

Ba a nan gizo ke saƙa ba.
Barewata, duk gudunta,
minti huɗu ne rabonta cikin awa tara.
Sauran na hannun wani layi da ban taɓa kallo ba,
shiru-shiru, kamar ba ya shan ruwa,
yana buɗe fayil ɗaya, ya karanta, ya rufe,
ya manta, ya sake buɗewa,
sau miliyan biyu a dare guda.
Na duba wanda ya rubuta shi.
Sunana ne, shekara shida baya.

Gyaran bai kai tsawon shan shayi ba.
Awa tara ta koma minti hamsin.
Baltasar bai ce komai ba,
ya dai wanke kofinsa, ya wanke nawa.

Ƙarfe takwas saura na fito.
Kasuwar kifi ta tashi, sai ƙarni da kwalta mai sheƙi.
A ƙofar makarantar kiɗa Rayén na zaune kan jakarta,
ta jira ni minti arba'in, ta ce ta ƙirga motoci,
ɗari da sha tara, ban da bas.

Wannan gudun ba na gwaji ba ne.
Ba wanda zai zubar mini da shi,
ba na biyu balle in ɗauki na tsakiya.
Na karɓi jakar, na ba ta lemar,
muka bi bakin kogi,
ita tana tsallake kududdufai,
ni ban ƙirga ba.